Girkawa da Indiyawan dā: wa ya narke cikin wa?

A watan Agustan 2023 Firaministan Indiya Narendra Modi ya sauka a birnin Atina, ziyara ta farko da wani firaministan Indiya ya kai Girka cikin shekara 40. A Fabrairun 2024 takwaransa Kyriakos Mitsotakis ya mayar da biki a New Delhi. Ciniki da tashoshin jiragen ruwa ne suka haɗa su, amma sai da kowane ɓangare ya tuno da tsohon zumuncin al'ummun biyu. Duk sa'ad da aka taɓo wannan zumunci kuwa, akwai maganganu uku da ba sa rasa biyo baya: wai sarkin Indiya Porus ne ya ci Iskandari da yaƙi aka ɓoye, wai mutum-mutumin Buddha gunkin Girkawa ne aka yafa wa mayafi, wai akwai wata ƙabila a duwatsun Pakistan, jikokin sojojin Girka.

Kowace magana tana da ɗan abin da ta jingina da shi. Sai dai duka ukun sun tsaya a kan zato ɗaya, cewa ga Girkawa zalla can, ga Indiyawa zalla nan, kuma dole ɗaya ya haɗiye ɗaya. Sulallan zamanin da rubuce-rubucen da aka sassaƙa a duwatsu sun nuna mutanen da suka riƙe abu biyu a lokaci guda, ba tare da sun ga karo a ciki ba.

Su wa ake nufi

Indiya a bakin Girkawan farko ita ce ƙasar da kogin Indus da rassansa ke ratsawa. Mafi yawanta yau tana cikin Pakistan, wani sashe a gabashin Afganistan. A Taksila, Peshawar, Swat, Sialkot da Kandahar akasarin labarin ya faru. Ke nan ƙasashe uku ne suka gaji wannan tarihi, kuma ba kasafai suke ga maciji da juna ba.

Girka ma ba ƙasa ɗaya ba ce a lokacin. Birane ne barkatai masu harshe ɗaya da gumaka ɗaya, daga Sisili har gaɓar Turkiyya ta yau. Mutanen yankin Iyoniya, a waccan gaɓa, su Farisawa suka fara sani, suka kira su Yauna. Daga bakin Farisawa sunan ya isa Indiya ya zama Yona ko Yawana, asali ɗaya da Yunan na Larabci. Da farko Bagirke ake nufi da shi. Daga baya ya haɗa da fataken daular Rum masu zuwa sayen masoro a gaɓar kudu, can gaba kuma marubutan Sanskirit, tsohon harshen ilmi na Indiya, suka riƙa kiran Musulmi da shi, kamar yadda Bahaushe kan ce Bature bai tambaya ko ɗan Ingila ne ko ɗan Faransa ba. Don haka in aka ci karo da Yawana a rubutu, sai an duba zamani da wuri kafin a ce ga wanda ake nufi.

Indo-Girkawa kuma laƙabi ne da masanan zamani suka ba sarakuna masu sunayen Girka da suka yi mulki kudu da duwatsun Hindu Kush, daga wajen 180 kafin Miladiyya zuwa wajen shekara ta 10 Miladiyya. Su ba su taɓa kiran kansu da shi ba.

Farisa ce tsani

Dariyus na I, wanda ya mulki Farisa daga 522 zuwa 486 kafin Miladiyya, ya riƙe Iyoniya a yamma, ya riƙe Gandara, wato yankin Peshawar, da Sind a gabas. Ya aiki wani matuƙin jirgi Bagirke, Sikilas, ya bi kogin Indus har teku. Cikin rundunar da Farisa ta kai wa Girka hari da ita a 480 akwai Indiyawa sanye da tufafin auduga, riƙe da bakunan gora. Sauran duk ji-ta-ji-ta ce. Hirodotus ya rubuta labarin itatuwa masu haifar ulu, wato auduga, da tururuwa da suka fi dila girma masu tono zinariya. Likita Kitesiyas ya ƙara da mutane masu kan kare.

Iskandari da Porus

Iskandari na Masidoniya ya shigo ta kwarin Kabul a 327 kafin Miladiyya, bayan ya rushe daular Farisa, yana ganin duk abin da ta taɓa mallaka gadonsa ne. (Shi ne wanda wasu ke ɗauka Zulƙarnaini, Ibn Kasir da wasu malamai sun ƙi wannan haɗi.) Sarkin Taksila, Ambhi, ya miƙa wuya ba faɗa. Maƙwabcinsa kuma abokin gabarsa, Porus, ya tare hanya a bakin kogin Jhelum a 326 da giwayen yaƙi. Marubutan Girka da Rum sun haɗu a kan cewa Iskandari ya haye kogin da dare cikin ruwan sama, ya ci yaƙin, aka kawo masa Porus jina-jina. Ya tambaye shi yadda yake so a yi da shi, ya ce kamar yadda ake yi da sarki. Sai ya mayar masa da ƙasarsa har da ƙari.

Masu cewa Porus ne ya yi nasara suna da hujjoji. Labarin daga bakin ɓangare ɗaya ya fito, kuma littattafan da suka iso mu, na su Ariyan da Fulutak, an rubuta su ɗaruruwan shekaru bayan yaƙin. Wanda ya ci yaƙi, in ji su, ba ya ƙara wa wanda ya kayar ƙasa. Ga shi kuma 'yan watanni bayan haka rundunar ta juya.

Mafi yawan masana tarihi, har da na Indiya, ba su gamsu ba. Littattafan sun ɗebo ne daga rubutun waɗanda aka yi tafiyar da su. Barin sarki a kan karagarsa ya zama bara, abu ne da Iskandari ya yi a wurare da dama. Bayan yaƙin kuma ya ci gaba da nausawa gabas, ya haye Chenab da Ravi har bakin kogin Beas, abin da korarre ba zai yi ba. A can ne sojoji suka ce ba su ƙara taki ɗaya: damina ta jiƙa su, shekara takwas rabonsu da gida, ga labarin dubban giwayen daular Nanda a gaba. Fulutak da kansa ya ce karon da Porus ne ya sanyaya musu gwiwa. Hujjar ɓangaren farko tana da ƙarfi a kan tsadar nasarar, ba ta da shi a kan wanda ya yi ta.

Komawar, bin kogin Indus zuwa kudu, ita ce ta fi jini. An karkashe garuruwa, a Sind an rataye malaman Brahmana, wato ajin malaman addinin Hindu, da suka zuga tawaye, shi kansa kibiya ta huda masa ƙirji a yankin Multan. Tun kafin yaƙin Porus kuma masana falsafar da ke cikin rundunar suka zauna da masu gudun duniya na Taksila. Ɗayansu, Kalanos, ya bi su har Farisa, da ciwo ya kama shi ya hau tulin itace ya sa aka cinna wuta. Iskandari ya mutu a Babila a 323. Babu wani rubutun Indiya na wancan zamani da ya ambaci sunansa. Sikandar da ake raɗa wa yara yau a Indiya da Pakistan ta waƙoƙin Farisanci na zamanin Musulunci ya shigo, sama da shekara dubu bayan haka.

Giwa 500 da jakadu

Abin da ya ɗore ya fara ne bayan tafiyarsa. Chandragupta ya kifar da gidan Nanda wajen 321, ya kafa daular Mauriya. Selukus, janar ɗin Iskandari da ya gaji gabas, ya zo karɓar abin da yake gani nasa ne wajen 305, aka ƙare da sulhu: ya bar wa Chandragupta yankunan Kandahar da Kabul da Balochistan, ya karɓi giwa 500, aka ƙulla auratayya. Giwayen sun yi masa rana a yaƙin Ifsos a 301. Girkawan da aka zaunar a waɗancan garuruwa kuwa sun wayi gari talakawan sarkin Indiya.

Jakadan Selukus, Megastenis, ya zauna a Pataliputra, Patna ta yau, ya ba da labarin ganuwar katako mai ƙofa 64 da hasumiya 570. Amma da idon gida ya kalli komai. Ya kasa jama'a aji bakwai, alhali littattafan Brahmana huɗu suka sani. Gumakan da ya tarar ya kira su Herakilis da Diyonisos. Ya ce babu bawa a Indiya, alhali rubuce-rubucen Indiya cike suke da zancen bayi. Mai yiwuwa bautar da ya gani ba ta yi kama da wadda ya sani ba. An kuma ruwaito cewa ɗan Chandragupta, Bindusara, ya aika wa Antiyokas na I cewa ya saya masa ruwan inabi mai zaƙi da busasshen ɓaure da malamin falsafa. Aka amsa masa cewa biyun farko suna tafe, amma dokar Girkawa ba ta yarda a sayar da malami ba.

A 1958 aka gano wani dutse kusa da Kandahar ɗauke da umarnin Sarki Ashoka, jikan Chandragupta, da Girkanci da Aramiyanci. Yana cewa sarki ya daina kashe masu rai, maharba da masuntansa sun bar farauta, kuma a yi biyayya ga uwa da uba da dattawa. Girkancin mai kyau ne, irin na wanda ya yi karatu. A wani umarnin Ashoka ya lissafa sarakunan Girkawa biyar da ya ce koyarwarsa ta kai gare su, biyu daga ciki a Afirka: Batlamus na Masar da Magas na Sirini, a Libiya ta yau. Babu rubutun Girka da ya ambaci isowar manzanninsa.

Sarakunan da sulalla suka tono

Wajen 250 gwamnan Baktiriya, arewacin Afganistan ta yau, ya ɓalle daga gidan Selukus. Birnin Ai Khanum, wanda Faransawa suka haƙa daga 1964 zuwa 1978 a mahaɗar kogin Amu Darya da Kokcha, ya nuna irin zaman da aka yi. Akwai dandalin wasan kwaikwayo mai cin dubban mutane, akwai filin motsa jiki, akwai dutse ɗauke da nasihohin da wani Kiliyakos ya kwafo daga Delfi, shahararren wurin bauta na Girka: yaro ya zama mai ladabi, saurayi mai kamun kai, magidanci mai adalci, tsoho mai kyakkyawar shawara, ya mutu ba baƙin ciki. Amma babban ɗakin bauta na birnin ginin laka ne irin na gabas, ko kusa bai yi kama da na Girka ba.

Da daular Mauriya ta faɗi wajen 185, sarakunan Baktiriya suka gangaro kudu. Dimitiriyas ya buga sulensa da hular kan giwa. Sama da sarakuna 30 ne suka biyo baya, kuma mafi yawansu ba a san su ba sai ta sulallansu. Sulallan nan su ne babbar shaida a wannan magana. A arewacin duwatsu zagayayyu ne, da Girkanci kawai, a kan awon Atina. A kudu an rage musu nauyi zuwa awon da kasuwar Indiya ta saba da shi, wasu aka yi su mai kusurwa huɗu kamar tsohon kuɗin ƙasar, fuska ɗaya da Girkanci, ɗaya da Farakirit, harshen jama'ar ƙasar, ga hoton giwa da sa mai tozo. A Ai Khanum an sami sulalla shida na Sarki Agatokilis: a gefe ɗaya Balarama riƙe da garma da taɓarya, a ɗaya gefen Wasudewa, wato Krishna, riƙe da faifansa. Suna cikin hotuna mafi tsufa da aka sani na waɗannan ababan bauta na Hindu, kuma sarki Bagirke ne ya buga su. Irin waɗannan sulalla masu harshe biyu ne suka taimaka wa James Prinsep da abokan aikinsa a shekarun 1830 wajen warware tsofaffin rubutun Indiya da aka daɗe da manta karatunsu.

Mafi girma cikin sarakunan shi ne Minanda, wanda ya yi mulki a tsakiyar ƙarni na 2 kafin Miladiyya, hedkwatarsa a Sagala, wadda ake ɗauka Sialkot ce. Marubucin Girka Sitirabo ya ruwaito cewa sarakunan Baktiriya, musamman shi, sun ci al'ummu fiye da Iskandari. Malamin nahawu Patanjali, da yake neman misalin abin da ya faru kwanan nan, ya kawo jimlar cewa Yawana ya yi wa birnin Saketa, a arewacin Indiya, ƙawanya. Kusan shekara 200 bayan mutuwar Minanda wani ɗan kasuwa ya tarar ana ciniki da kuɗinsa a tashar Bharuch ta Gujarat.

Mabiya Buddha sun san shi da Milinda, kuma suna da littafi guda na tambayoyin da ya yi wa malami Nagasena. A farkonsa malamin ya ce Nagasena suna ne kawai, babu wani tabbataccen mutum a bayansa. Sarki ya yi masa ba'a. Malamin ya tambaye shi da me ya zo, ya ce da karusa. Sandar ja ce karusar? A'a. Ƙafafun ne? A'a. Itacen da ya haɗa su ne? A'a. To ina karusar? Sarki ya yarda cewa suna ne da ake ba haɗuwar waɗannan duka. Littafin ya ƙare da cewa ya sauka daga mulki ya shiga zuhudu. Fulutak kuwa ya ce a sansanin yaƙi ya mutu, birane suka raba tokarsa suka gina mata wuraren tunawa, wanda ya yi kama da abin da aka ce an yi da tokar Buddha. Sulallansa na azurfa gunkiyar Girkawa Atena suke ɗauke da ita tana wurga tsawa. Masu cewa ya karɓi addinin Buddha suna riƙe da littafin da labarin tokar. Masu cewa ɗaure wa addinin gindi kawai ya yi, kamar yadda sarki kan yi wa addinin talakawansa, suna riƙe da sulallan.

Mutum huɗu

A Besnagar, kusa da Vidisha a jihar Madhya Pradesh, akwai ginshiƙin dutse da mutanen wurin ke kira Khamba Baba. Sun daɗe suna shafa masa jan garin bauta har ya rufe rubutun jikinsa. Sai a 1909 aka kankare aka karanta. Rubutun ya ce Heliyodoras ɗan Diyon, mutumin Taksila, jakadan Yona daga Sarki Antiyalkidas zuwa ga Sarki Bhagabhadra, shi ya kafa wannan ginshiƙi don Wasudewa, kuma ya kira kansa bhagawata, wato mai bauta masa. A ƙasa an ƙara abubuwa uku masu kai mutum ga rahama: kamun kai, kyauta, da rashin gafala. Wajen 113 kafin Miladiyya ke nan. Wasu sun karanta shi a matsayin tuba ta gaskiya. Wasu sun ce aikin jakada ne, girmama abin bautar mai masauki. Wasu kuma sun ce ga Bagirke babu wani tsallake a nan, tunda ya saba ganin Herakilis a jikin gumakan wasu. Abin da rubutun ya nuna ƙarara shi ne mutumin ya sa Yona da bhagawata a jimla ɗaya.

Na biyu ya bi ta ɗaya hanyar. Wani dutse da ake dangantawa da Kandahar yana ɗauke da waƙar Girkanci ta Sofitos ɗan Naratos, sunayen da masana da yawa ke gani na Indiya ne aka lanƙwasa. Ya ce gidansu ya karye yana yaro, ya ci bashi, ya shiga fatauci gari-gari, ya dawo da dukiya ya sake gina gidan ubansa da kabarin kakanninsa. Haruffan farko na baitocin, in aka bi su daga sama zuwa ƙasa, sunansa suke fitarwa, kuma waƙar cike take da tsofaffin kalmomi irin na masu gwanintar karatu.

Na uku yana kogon Nashik a Maharashtra: Indragnidatta ɗan Dhammadewa, wanda ya haƙa wa malaman Buddha kogo da rijiyoyin tara ruwa don ladan iyayensa. Sunansa da na ubansa na Indiya ne, addininsa na Indiya ne, amma ya rubuta cewa shi Yonaka ne daga arewa. Na huɗu, Tushaspa, gwamnan Ashoka a Gujarat, wani rubutu na shekara ta 150 Miladiyya ya kira shi sarkin Yawana, alhali sunansa na Farisa ne.

Su ma malaman Indiya sai da suka nema wa baƙin gurbi. Dokokin Manu, tsohon littafin shari'ar Hindu, sun ce Yawana asalinsu ajin mayaƙa ne, suka faɗo saboda barin ibada da ƙin zuwa wurin Brahmana. Patanjali ya sa su cikin ƙaramin aji, amma irin waɗanda in sun ci abinci a kwano wanki yana tsarkake shi. Wani nassin Buddha kuma ya yi amfani da su wajen rushe da'awar Brahmana: a ƙasar Yona aji biyu ne kawai, ɗa da bawa, kuma ɗa kan zama bawa, bawa ya zama ɗa. Kowa ya auna baƙon da mudun gardamar gidansu.

Inda masana suka rabu

Turawan mulkin mallaka sun ga kansu a jikin Iskandari, suka so labarin Turai mai kai wa gabas wayewa. A 1938 masanin Birtaniya W. W. Tarn ya rubuta tarihin waɗannan sarakuna a matsayin reshen tarihin Girka. A 1957, shekara 10 bayan 'yancin kai, A. K. Narain ya mayar da martani cewa tarihin Indiya ne: sun zo, sun gani, amma Indiya ce ta ci su. Tarn yana da Ai Khanum, ko da yake bayan mutuwarsa aka gano ta. Narain yana da Heliyodoras, yana kuma da ƙarshen labarin, domin babu wata al'ummar Girkawa da ta rage. Masanan baya-bayan nan sun fi karkata ga cewa tambayar ce ta zamani, kuma mutum kan fito da fuskar da ta dace da wurin da yake, kotu ko kasuwa ko ɗakin bauta.

Haka gardamar mutum-mutumin Buddha. Ɗaruruwan shekaru ana nuna shi da alama kawai, sawun ƙafa ko itace ko karaga ba kowa. Alfred Foucher na Faransa ya ce masassaƙan Gandara ne suka fara ba shi jiki, da fuska irin ta Afolo da mayafi mai ninki irin na Girka. A 1927 Ananda Coomaraswamy ya nuna cewa a Mathura, a kusan lokaci ɗaya, an sassaƙa shi daga tsohon salon gida. Hannun Girka a sassaƙar Gandara a fili yake; mai tsaron Buddha har da kulki da fatar zaki ake yi masa, kamar Herakilis. Amma sassaƙar ta bunƙasa ne daga ƙarni na 1 zuwa na 3 Miladiyya, a ƙarƙashin Kushanawa, waɗanda suka zo daga tsakiyar Asiya, bayan sarakunan Girkawa sun shuɗe, lokacin da ciniki da Rum ke kan ganiyarsa. Sarkin Kushan Kanishka ya buga sule da hoton Buddha da sunansa cikin haruffan Girka, shi ne kuma ya sauke Girkanci daga harshen fada ya ɗora Baktiriyanci, kamar yadda rubutun Rabatak da aka gano a 1993 ya nuna.

Inda aron ya fi tabbata shi ne ilmin taurari. Buruji 12 da duban ranar haihuwa sun shiga Indiya daga duniyar Girka, har da kalmominsu, kuma Warahamihira a ƙarni na 6 ya rubuta cewa Yawana bare ne, amma ilmin ya kafu a wurinsu, don haka ana girmama su kamar waliyyai. Da'awar cewa wasan kwaikwayon Sanskirit daga Girka ya fito ba ta da magoya baya da yawa yanzu. A falsafa kuwa, an ruwaito cewa Firo, uban masu shakka na Girka, yana cikin tafiyar Iskandari kuma ya zauna da masu gudun duniya. Ko daga su ya ɗauko koyarwarsa, har yau ana ja.

Abin da ya shafi mutanen yau

Kalash mutane ne 'yan dubbai kaɗan a kwaruruka uku na Chitral, arewacin Pakistan, masu addininsu na gargajiya. Labarin cewa jikokin sojojin Iskandari ne ya jawo musu 'yan yawon buɗe ido da taimakon Girkawa, har da ginin makaranta da gidan tarihi a Bumburet. Harshensu dai ɗan dangin harsunan Indiya ne. Wani binciken ƙwayoyin gado na 2014 ya ga alamar tsohuwar cuɗanya da mutanen yamma, na 2015 kuma bai sami shaidar jinin Girka ba. Labarin yana kawo kuɗi, yana kuma mayar da su baƙi a ƙasar kakanninsu, abin da ke da hatsari ga tsiraru. A 2008, ana tsakiyar rikicin suna tsakanin Girka da Masidoniya, gwamnatin Skopje, babban birnin Masidoniya, ta karɓi basaraken Hunza ta arewacin Pakistan da gagarumin biki a matsayin ɗan uwa na jini. Kowace gwamnati da nata jikokin.

Maganin gargajiya na Unani, wanda ke ƙarƙashin AYUSH, ma'aikatar magungunan gargajiya da Indiya ta kafa a 2014, shi ma akan jingina shi da wancan zamani saboda sunansa. Ta wata hanya ya zo: littattafan likitocin Girka Bukrat da Jalinus da aka fassara zuwa Larabci a Bagadaza, Ibn Sina ya gina a kai, hakimai suka kai shi fadojin Delhi. Zancen zafi da sanyi da danshi da bushewa da ke cikin littattafan ɗibbu na malaman ƙasar Hausa daga wannan rijiya yake.

Kayan tarihin kansu suna hannun mutanen da yawancinsu ba Girkawa ba ne, ba Hindu ba, ba mabiya Buddha ba. Taksila tana jerin UNESCO tun 1980, kuma masu ziyara daga Koriya da Tailan da Sri Lanka suna kawo wa masu masauki da direbobi da 'yan jagora abinci. A ɗaya gefen, an rusa manyan gumakan Bamiyan a Maris 2001, an fasa fuskar Buddhan Jahanabad a Swat a 2007 kafin Italiyawa su gama gyara ta a 2016, kuma tsohon garin Mes Aynak yana zaune a kan tagullar da wani kamfanin Sin ya karɓi kwangilar haƙa. Ai Khanum masu tonon sata sun mayar da ita ramuka a shekarun yaƙi. A 1992 mutanen ƙauyen Mir Zakah a gabashin Afganistan suka tono sulalla da aka ƙiyasta sun kai rabin miliyan daga wata rijiya, aka kwashe su buhu-buhu zuwa kasuwar Peshawar, daga can zuwa hannun dillalai a Turai da Japan da Amurka. Ƙauyawa sun sami na cefane, dillalai suka kwashi riba. Tunda jerin sarakunan Indo-Girkawa da iyakokin ƙasashensu ana gina su ne daga sanin inda aka sami kowane sule da abin da aka same shi tare da shi, shekarun mulkin da yawa daga cikinsu har yanzu ƙiyasi ne, kuma akan sami tazarar shekara goma ko fiye tsakanin lissafin wani masani da na wani.